Binciken Asali da Gadon Jini

A ƙasar Hausa, kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, balle a kai ga sa rana, akwai wani aiki da ake yi ba tare da shela ba. Iyayen yarinya sukan ce wa masu nema a ba su lokaci su yi shawara, kuma kowa ya san abin da ake nufi. Za a tashi wata tsohuwa mai yawan zumunci a ce ta je unguwar su yaron, ko ƙauyensu, ta jiyo. Ba gidan za ta shiga ba. Wurin wata ƙawarta za ta sauka a maƙwabta, a dama fura, a taɓa hirar tsadar hatsi, sannan a gangaro kan mutanen gidan wane. Daga ina kakanninsu suka zo? Wace sana'a suka gada? Akwai kuturta a gidan? Akwai taɓin hankali ko farfaɗiya? An taɓa kama wani nasu da sata? Mazansu na riƙe aure, ko masu saurin saki ne? A can ma dangin yaron sun tura tasu tsohuwar. Maganar aure da yawa ta watse a irin wannan zama, saurayi da budurwa ba su ma san an yi shi ba.

Aikin jinya na yi a ɗakin yara har na ajiye aiki, kuma ban taɓa raina wannan al'ada ba. Waɗanda suka faro ta sun gane cewa akwai abubuwan da ke bin jini daga kaka zuwa jika, tun ba a san asibiti ba. Abin da ke damuna da ita shi ne, ta fi bin layin maza, ta fi tambayar rayayyu, kuma ta sha ɗora wa jini laifin da ba nasa ba, alhali babbar cutar da ke bin jininmu ta wuce ta gabanta ba ta gane ta ba.

Mu mutane ne masu riƙe salsala. Maroƙi zai tsaya a ƙofar gidan biki ya jero kakannin mai gida ba tuntuɓe: ɗan wane, jikan wane, tattaɓa-kunnen wane. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya jero sarakuna tun daga Bagauda, kuma abin a yaba ne yadda yake yawan ambaton sunan mahaifiyar sarki. Sai dai daga sunan nan nata ba ya ƙara gaba. Ba ya faɗin 'yan'uwanta, ba ya faɗin sauran 'ya'yan da ta haifa suka koma tun suna goye. An tsara irin wannan salsala ne don sarauta da martabar gida, shi ya sa take bin mazan da suka yi tsawon rai suka yi suna. Wurin da muke kusantar cikakken lissafi shi ne wajen rabon gado, inda alƙali ko malami zai sa a kawo masa mata da 'ya'ya mata da uwa, a bambance shaƙiƙi da ɗan uba da ɗan uwa ɗaya. Ko a nan ɗin, wanda ya riga mamacin rasuwa ba ya shiga takarda, tunda ba shi da rabo. To, shi kuwa mai bin sawun cuta, waɗannan da ba su da rabo su ya fi buƙata.

Fahimtar cewa siffa kan ɓuya ta tsallake iyaye ta bayyana a jikoki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk ɗalibin hadisi ya san labarin mutumin nan na Banu Fazara, da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda ya zo wurin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana kokwanton ɗan da matarsa ta haifa saboda yaron ya fito baƙi. Manzon Allah ya tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Ya tambaye shi ko akwai mai ruwan toka a cikinsu, ya ce akwai. Da aka tambaye shi daga ina wannan ya samo nasa launin, shi da bakinsa ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta jawo shi. Sai aka nuna masa cewa ɗan nasa ma haka ne, ba a kuma ba shi damar kore shi ba. Na daɗe ina tunanin wannan hadisi a bakin aiki, domin ilimin gado da ke cikinsa mace ya wanke daga zargi.

A Turai, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara zama su bi siffa guda a cikin gida guda, tsara bayan tsara, shi ne Maupertuis, Bafaranshe masanin lissafi da ya shugabanci majalisar masana ta Barlin. Wajen shekarar 1750 ya bi zuri'ar wani likitan fiɗa mai suna Jacob Ruhe, wanda aka haifa da yatsu shida. Ya tarar kakar Ruhe ta wajen uwa tana da su, ta ba 'yarta, 'yar ta ba shi, shi kuma ya ba wasu daga cikin 'ya'yansa. A zamanin masana na jayayya: wasu na cewa ɗa kacokan daga uba yake, uwa mazubi ce kawai, wasu na cewa daga uwa yake. Tsara huɗu na gidan Ruhe suka nuna siffar na bi ta mace, tana kuma bi ta namiji. Mu wannan siffa mun san ta sarai, har suna muke raɗawa da ita, Cindo. Ungozoma kan ɗaure ƙaramin yatsan da zare ya bushe ya faɗi, ko wanzami ya cire shi, mutum ya girma hannunsa lafiya lau. In ka tambayi tsofaffin gidan, da wuya ba su nuna maka wani kawu ko wata kaka da aka haifa haka ba.

Ƙa'idar lissafin kuwa sai a 1866 ta fito, daga Gregor Mendel, wani malamin coci a garin Brno da ya yi shekaru yana haɗa irin waken Turawa a lambu yana ƙirga abin da ya tsiro. Ya nuna cewa kowace siffa tana da ƙwayar gado biyu, ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, kuma wata kan danne wata ta ɓoye ta ba tare da ta shafe ta ba. Ba a kula da aikinsa ba sai a 1900. Da likitoci suka so gwada wannan ƙa'ida a kan mutane, sai suka ga ba yadda za a yi a haɗa mutane aure don gwaji. Dole a koma ga auren da aka riga aka yi da 'ya'yan da aka riga aka haifa. Daga nan zanen salsala ya zama kayan aikin likita. Namiji akan yi masa murabba'i, mace da'ira. Layi a kwance tsakaninsu aure ne, layi biyu auren zumunci. 'Ya'ya na saukowa a ƙasa, babba a hagu, auta a dama. Mai cutar a cike gurbinsa da baƙi, wanda ya rasu a ja masa layi a karkace. A wannan takarda sarki da jaririn da ya kwana uku a duniya girman gurbinsu ɗaya.

Zanen ya yi amfani, ya kuma yi ɓarna, kuma ɓarnar tasa irin tamu ce. Ɗauki kuturta. A 1847 wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Danielssen da Boeck, suka fitar da babban littafi a kanta, suka yanke cewa gadonta ake yi, domin sun ga tana yawan zama a gidaje ɗaya. Hujjarsu ita ce hujjar tsohuwarmu mai binciken asali. Sai a 1873 wani matashin likita a garin Bergen, Armauer Hansen, wanda surukin Danielssen ɗin ne, ya hango ƙwayar cutar a madubin likita. Ashe ɗaukarta ake yi ta doguwar cuɗanya, kuma yau magani na warkar da ita. Mutanen gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba. Sun haɗa ɗaki da rijiya da tukunya da talauci, don haka ba duk abin da ya zauna a gida ba ne yake cikin jini. 'Yan mata nawa aka bari a gaban iyayensu a ƙasar nan don an ce kakansu kuturu ne? Balle zargin maita, da ake cewa a nono ake sha, wanda ya hana 'ya'yan bayin Allah aure ba da wata hujja ba. A Amurka abin ya kai ga hukuma. A 1910 aka buɗe wani ofishi a Cold Spring Harbor, ma'aikatansa na bin gidajen talakawa suna zana salsalar talauci da aikata laifi da abin da suka kira raunin hankali, tamkar launin ido ne. Da irin waɗannan takardu aka kafa dokoki, kotun ƙolin ƙasar ta amince da su a 1927, aka yi wa mutum fiye da 60,000 aikin hana haihuwa ba da son ransu ba. Duk wanda zai ɗauki biro ya zana dangin wani, ya kamata ya san wannan tarihi.

Inda zanen ya yi aikinsa na gaskiya, kuma inda ya shafe mu kai tsaye, shi ne amosanin jini, wato sikila. A ƙarshen 1904 wani ɗalibin likitan haƙori ɗan tsibirin Girenada, Walter Clement Noel, ya kwanta asibiti a Shikago. Ƙaramin likita Ernest Irons ya duba jininsa ya ga jajayen ƙwayoyin sun lanƙwashe sun yi siffar lauje, maigidansa James Herrick ya buga rahoton a 1910. Noel ya koma gida ya yi aikinsa, ya rasu a 1916. An yi kusan shekara arba'in bayan rahoton ana ruɗani a kan yadda ake gadon cutar, domin an lura akwai mutane da yawa da jininsu kan lanƙwashe a gilashin gwaji amma su garau suke. Wasu masu bincike a 1923 sun ɗauka ƙwayar gado ɗaya daga uba ko uwa ta isa, sai dai ta yi wa wani tsanani ta yi wa wani sauƙi.

A 1949 mutum biyu da ba su haɗa wurin aiki ba suka warware matsalar, kuma dukansu ta hanyar bin dangi. James Neel, a Mishigan, ya ce in dai sai ƙwaya biyu sun haɗu cutar ke bayyana, to duk mai ita dole uwarsa da ubansa kowanne na ɗauke da guda. Ya gwada iyaye 42 na marasa lafiya 29, ya tarar babu ko ɗaya da jininsa bai nuna alamar ba. E. A. Beet, likitan gwamnatin mulkin mallaka a ƙasar da yau ake kira Zambiya, ya bi zuri'ar mutanen karkara ya iso ga wannan sakamako. A shekarar ce kuma Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadarin himogulobin na masu cutar ya bambanta da na sauran mutane, kuma hanyar da suka bi, ta tura jini da wutar lantarki, ita ce tushen gwajin AA da AS da SS da ake yi mana yau. Zuwa 1957 Vernon Ingram ya gano a Kambirij cewa bambancin duka a gurbi ɗaya yake cikin jerin sinadarin.

Wannan shi ne tarihin da ake koyarwa a makarantun jinya, kuma yakan sa ɗalibi ya ɗauka a Shikago aka fara sanin cutar. Ba haka ba ne. Tun a 1874 James Africanus Horton, likitan soja ɗan Saliyo, ya bayyana wani ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi mai tashi lokacin damina a Afirka ta Yamma. Wanda ya fi burge ni kuwa shi ne Farfesa Felix Konotey-Ahulu na Gana, haifaffen Odumase a ƙasar Krobo a 1930, wanda ya daɗe yana jagorantar sashen masu sikila a asibitin Korle Bu da ke Akara. Cutar tana cikin gidansu, 'yan'uwansa na ciki ɗaya sun yi fama da ita yana gani. Ya zauna da dattawan danginsa, suka yi ta komawa baya suna ambaton wanda ya yi ciwon da wanda bai yi ba, har tsara tara, har zuwa shekarar 1670. Abin ya yiwu ne domin mutanensa suna da sunan cutar, sun san ta da tashi lokacin sanyi da ruwan sama, sun san gida take bi, kuma suna riƙe labarin matattunsu. Shekara 240 ke nan kafin rahoton Herrick, kuma duk daga bakin tsofaffi ya fito. Ya kuma ja hankali ga abin da likitocin Turai ba su saba gani ba, wato gidan mace fiye da ɗaya, inda uba guda ke da 'ya'ya a ɗakuna daban-daban.

Irin wannan gida na tashi ina gani. Baffana, yayan mahaifina, yana da mata biyu. Uwargida ta haifi shida, in ban da ɗaya da ƙyanda ta ɗauke, duk sun girma. Amarya, wadda aka auro daga wani gari, ba dangin iya ba na baba, ta haifi takwas, uku suka koma kafin su kai shekara biyar. Duk hanya ɗaya suka bi: yaro na wata shida ko bakwai sai bayan hannu da bayan ƙafa su kumbura, ya yi ta tsala kuka ko taɓa shi aka yi, ido ya yi ɗorawa, ciki ya yi tauri ta gefen hagu, wata rana zazzaɓi ya zo da dare, kafin azahar an kai shi. Aka fara ce mata wabi. Aka raɗa wa na gaba Ajuji don mutuwa ta raina shi ta bar shi. Da abin ya ƙi ƙarewa, sai aka koma raɗe-raɗin cewa da hannun uwargida, tunda ga nata 'ya'yan suna ta tsalle a tsakar gida. Matan nan biyu sun yi shekaru ba su ci a kwano ɗaya ba. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an sayar da tumaki an kai wa masu magani.

Lokacin da aka kawo wata 'yar amaryar asibiti, ƙafa ta ƙi takuwa, gwaji ya nuna SS, sai na ɗauki bayan wata tsohuwar kalanda na je wurin Gwaggo, babbar yayarsu Baffa, wadda ba a haihuwa ko mutuwa a dangi ba ta sani ba. Da na faɗa mata abin da ya kawo ni, ta ɓata rai.

"Ke 'yar nan, ana ƙirga 'ya'ya ne? Kyautar Allah ce za ki sa a takarda?"

Na ce, "Gwaggo, ba yawansu nake nema ba. Waɗanda suka koma nake so ki tuna mini, da abin da ya same su."

Ta yi shiru, sannan ta fara, tana lanƙwasa yatsu a cikin zaninta don kada in ga tana ƙirgawa. A ranar na ga wahalar wannan aiki a gidan Bahaushe. Ba ta faɗin sunan ɗan farinta, sai dai ta ce "yaron nan". Jaririn da ya koma kafin ranar suna ba shi da sunan da za a kira shi da shi, sai ta ce "wanda aka haifa shekarar fara", ko "na bayan mai sunan Malam". Ɓari ba ta sa shi a lissafi sam, sai na tambaya. Wata da na tashi ina ɗauka 'yar Gwaggo ce, ashe riƙo ce, 'yar ƙanwar mijinta. Wani agola ne, wani nono kawai suka sha tare. Wata inna ta yi aure uku, 'ya'yanta na gidaje uku a garuruwa biyu. Kowanne sai na goge layi na sake ja. Can cikin hira, ba tare da na tambaya ba, ta ce ai su ma a ɗakinsu an yi wani ƙaninta, tsakaninta da Baffa, mai amosani, wanda duk hunturu sai an kwana ana gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi, idonsa kullum rawaya, ya rasu ba a kai ga yi masa kaciya ba. Ban taɓa jin labarinsa ba. Babu maroƙin da ya taɓa ambatonsa. Na zana masa murabba'insa, na cike shi da baƙi, na ja layi a kai.

Baffa bai yarda da sauƙi ba. Cewa ya yi shi da bai taɓa kwana a asibiti ba, ta ina ciwo zai fito daga jikinsa, ga 'ya'yan uwargida nan shaida. Da ƙyar, da bakin Gwaggo, ya miƙa hannu. Shi AS, amarya AS, uwargida AA. Cikin 'ya'yan uwargida kuma, waɗanda ake nunawa a matsayin shaidar lafiyar jininsa, biyu AS ne, kuma tunda uwarsu ba ta da S, babu inda suka samo ta sai wurinsa. Yadda nake yi wa iyaye bayani a ɗakin yara haka na yi masa. A ɗauko ƙwarya biyu, ta uba da ta uwa, kowacce a zuba mata farin wake da jan wake daidai wa daida. Kowane ciki, a rufe ido a ɗauki ƙwaya ɗaya a nan, ɗaya a can, sannan a mayar kafin na gaba. In ja biyu suka haɗu, SS ke nan, kuma hakan na faruwa sau ɗaya cikin huɗu. Ƙwaryar uwargida fari ne zalla, ko sau ɗari aka ɗiba ja biyu ba za su haɗu ba. Mayarwar nan ita ce abin da mutane suka fi kasa riƙewa. Na sha jin uwa na cewa tunda ta haifi mai ciwon guda, uku na gaba lafiyayyu ne. Ba haka lissafin yake ba, kowane ciki da nasa rabon. Amaryar Baffa huɗu ta samu cikin takwas, wata kuma AS ce ta auri AS ta haifi shida ba ko ɗaya.

Dalilin da ya sa tsohuwa mai binciken asali ba ta gano sikila ba, alhali tana gano farfaɗiya, wani bincike da aka yi a ƙasarmu ya bayyana shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da babban aiki kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuma Jigawa. Alan Fleming, farfesan ilimin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa suka gwada jinin mutanen ƙauyukan. Sun samu kimanin jarirai 2 cikin 100 ana haifarsu da SS, manya fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma AS ne. Amma cikin waɗanda suka wuce ƙuruciya, da ƙyar ake samun mai SS. Sun mutu tun suna ƙanana, an ce zazzaɓi ne, an ce shawara ce, an ce wabi. Mai tambayar manyan gida ba za ta ga kowa ba, domin masu cutar suna maƙabarta. Ba duk wabi ba ne sikila, ƙyanda da gudawa da tamowa sun ci nasu kason, amma na tabbata da yawa daga cikin matan da aka liƙa wa wannan suna AS ne da suka auri AS. Yawan S a cikinmu kuwa, tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro yana yaro. Abin da ya tsirar da kakanninmu daga sauro shi ne muke biyan kuɗinsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 da cutar a Najeriya duk shekara.

Akan ɗora wa auren zumunci laifin wannan, kuma a ganina an yi masa yawa. Gaskiya ne yana ƙara haɗa ƙwayoyin da suka ɓuya, musamman na cututtukan da ba su da yawa a cikin jama'a. Tun a 1902 Archibald Garrod ya lura a Landan cewa yaran da ke da wata cuta mai baƙanta fitsari, da yawansu iyayensu 'ya'yan wa da ƙani ne. Amma S ba ɓoyayyiyar aba ba ce a nan. In mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ita, to ko daga Sakkwato ka auro matarka kai kana Maiduguri, aure ɗaya cikin goma sha shida zai haɗa AS da AS. Guje wa 'yar kawu ba ya tsirar da kowa, gwaji ne ke nunawa. Zanen salsala ma iyakarsa ya nuna inda za a duba, ba ya iya rantsuwa cewa wane AA ne don bai taɓa binne ɗa ba.

Yau abubuwa sun sauya. Yaron da aka gano da wuri, aka tsare shi daga sauro, aka yi masa rigakafi, aka ba shi magungunansa a kan lokaci, yana girma ya yi karatu ya yi aure. Na ga waɗanda na riƙe suna goye sun dawo gaishe ni da nasu 'ya'yan. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, gwajin sikila na ciki, kuma limamai da yawa sun riga dokar fara neman takarda kafin su ɗaura. Ina murna da wannan. Tsorona shi ne kada takardar ta zama sabuwar kuturta, a riƙa nuna gida ana cewa gidan masu sikila ne, a guji yarinya don an ji AS ce. Mai AS lafiyayya ce, in ta auri mai AA babu ɗansu da zai yi SS. Kuma a yi gwajin tun kafin zukata su shaƙu, ba ana saura mako guda biki ba, lokacin da an riga an kai lefe, kowa na neman wanda zai rubuta masa abin da yake so ya ji.

Akwai kuma wani sabon zalunci da na fara gani kafin in bar aiki. Mutum zai zo da tsohuwar takarda mai cewa shi AA ne, a ce masa ɗansa SS, nan take ya juya ya kalli matarsa. Gwaji na yin kuskure, musamman a ƙananan wuraren da ba a kula da kayan aiki. Akwai kuma wata ƙwayar gado ta daban, ta cutar talasimiya, wadda mai ɗauke da ita kan fito tamkar AA a gwajin da aka saba yi, amma in ta haɗu da S ɗin uwa yaro ya yi ciwon sikila sosai. Na ga auren da ya mutu a kan takarda ɗaya da ba a sake dubawa ba.

Don haka kai maigida, ranar da aka ce ɗanka na da sikila, kada ka tsaya a ƙofar asibiti ka tura uwarsa ciki ita kaɗai, kada kuma ka bar 'yan'uwanka mata su yanke mata hukunci a tsakar gida. Ka shiga tare da ita a ɗebi jininka a babban asibiti, ko da kana da tsohuwar takarda a aljihu. Ka kai sauran 'ya'yanka na kowane ɗaki a gwada su, har da na uwargidan da ba ta taɓa binne ɗa ba, ka kuma faɗa wa kowannensu sakamakonsa tun kafin ya fara zance.